Jarkar burkutu mai lita 20, barasa nawa ce a ciki?

1/ Ranar nan a ɗakin gwaje-gwaje malaminmu ya jefo mana tambaya: in aka turara burkutu lita 20 aka tara ruwan tururin, barasa zalla nawa za a samu? Wani ya ce lita 10, ni na ce 8. Amsar ita ce lita 1, in ma ta kai. Tambayar nan ce ta sa na shiga bin tarihin abin. Ku biyo ni.

2/ Lissafin ba wuya. Burkutun dawa ba ya wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 na barasa, saura ruwa ne da tsaki. Kashi 5 na lita 20 lita 1 ke nan. Turarawa ba ta ƙara ko ɗigo, abin da ke ciki kawai take tarawa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

3/ Fasahar kanta tsohuwa ce. Al-Kindi ya yi littafi a Bagadaza a ƙarni na 9 kan fitar da turare ta hanyar tururi. Sunan da Turawa ke kiran barasa da shi ma daga Larabci ne, al-kuhl, wato kwallin da iyayenmu mata ke sa wa ido.

4/ A ƙasar Hausa giyar da aka sani ta dawa ce, wadda Maguzawa ke dafawa. Na tambayi kakana a Kamarawa, ya ce da ƙuruciyarsu ko a kasuwar Isa bai taɓa ganin ta kwalba ba.

5/ Akwai dalili. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana kai barasar Turai yankunan da ba su saba da ita ba, Arewa ta faɗa ciki. A Kudu kuwa kwalbar jin har kuɗin ciniki ta zama, kuma harajinta ne babban abin da gwamnatin mulkin mallaka ke samu.

6/ A 1919 yarjejeniyar Saint-Germain ta hana turara barasa a yawancin ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin Turawa. Da tattalin arzikin duniya ya karye, a farkon shekarun 1930, jin ta yi tsada, sai mutanen Kudu suka koma turara bammi a ɓoye. Ogogoro ke nan. Aka yi ta kame, abin bai tsaya ba.

7/ To mu koma lita ɗayan nan. Itace, dawa, wahalar kwanaki, riba kaɗan. Shi ya sa mai haɗama ke cika jarka da sinadarin masana'anta mai arha, metanol. A ido da hanci ba ka bambanta shi da barasa. Cokali kaɗan na iya makantar da mutum.

8/ A Afrilun 2015 mutane aƙalla 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo. Da farko aka ce fushin abin bauta ne, gwaji ya nuna metanol ne. Watanni biyu bayan nan gomman mutane suka sake mutuwa a jihar Ribas.

9/ Mu nan Sakkwato Shari'a ta hana tun shekarar 2000, amma kowa ya san ana sayarwa a ɓoye, ba tambari, ba mai gwadawa. In ka ga abokinka ya sha wani abu, washegari yana cewa idonsa na ganin hazo, kar ka tsaya jin kunyar tonon asiri. Ku ruga asibiti, ku faɗa wa likita gaskiyar abin da ya sha.