Asalin Barandun Majami'ar Gulosta

A yammacin Ingila, a gaɓar kogin Severn, akwai birnin Gulosta, wanda babbar majami'arsa ta samo asali daga gidan ruhubanawa da wani basarake mai suna Osric ya kafa wajen shekarar 679, ko da yake ginin dutsen da ke tsaye yau shugaban ruhubanawa Serlo ne ya aza harsashinsa a 1089.

Abin da ya ɗaukaka gidan kuwa kabari ne. A 1327 Sarki Edward na Biyu ya rasu a tsare a Berkeley bayan an tuɓe shi, aka binne shi a nan, masu ziyara suka yi ta kwararowa da sadakoki, har gidan ya wadata. A cikin wannan ƙarni aka soma gina barandu huɗu kewaye da fili, aka yi musu rufin ɗaurin guga na dutse, wanda sassaƙarsa ke tashi daga bango ta bazu kamar mafici, kuma babu irin wannan rufi da ya girme shi a Ingila. Domin ilmi da ibada aka yi su: a barandar kudu akwai lunguna 20 inda ruhubanawa ke zaman muɗala'a da kwafar littattafai, a ta arewa kuma ga dogon kwamin dutse inda suke wanke hannu kafin cin abinci. Sarki Henry na Takwas ya soke gidan a 1540, ginin ya tsira domin an mai da shi mazaunin bishop a 1541.

Saboda haka da masu shirya fim ɗin Harry Potter suka buƙaci tsohuwar makaranta, hakika ba su yi zaɓen tumun dare ba, domin wurin da aka gina wa almajirai suka samu. Barandun nan ne hanyoyin makarantar Hogwarts a fina-finan 2001 da 2002 da 2009.

Wasu Kiristoci sun yi inkarin a shigo da hikayar sihiri ɗakin ibada, kuma a ganina hujjarsu ba abin rainawa ba ce, domin alfarmar wurin sujada ta fi ƙarfin kuɗin haya. Shugabannin majami'ar dai sun amince, masu fim kuma suka rufe alamun haske da ke bisa kawunan waliyyan da aka zana a gilasan tagogi, don kada mai kallo ya gane cewa coci ne.