Jirgin da Ya Ɗauki Sunan Ƙasa

Mu da muka shiga aikin sojan ruwa a shekarun 1980, da sunan Obuma muka san wannan jirgin yaƙi. Manyanmu kuwa bakinsu bai taɓa sabawa ba, Nigeria suke ce masa, sunan da ya taho da shi daga Schiedam ta ƙasar Holan. Can kamfanin Wilton-Fijenoord ya ƙera shi, aka miƙa wa rundunarmu a watan Satumban 1965. Kafin a gama aikinsa, Holan ta ba mu wani ƙaramin jirgi, Ogoja, muka fara riƙewa.

Tsawon Nigeria ya kusa mita 110, da injinan dizal, da igwa mai baki biyu a gaba, da filin saukar jirgi mai saukar ungulu a baya, yana ɗaukar mutum sama da 200. An ɗora masa makamin farautar jiragen ƙarƙashin teku, amma aikin da ke jiransa daban ne.

Da Yaƙin Basasa ya ɓarke a 1967, shi aka sa a gaba wajen datse gaɓar Gabas. A watan Yuli, ƙarƙashin kwamandansa Nelson Soroh, ya raka sojojin Benjamin Adekunle zuwa Boni. Duk wanda ya taɓa bin wannan mashigi ya san tudun yashin da ke kwance ƙarƙashin ruwan. Babban jirgi sai da lallami, shi ya sa ƙananan jirage suka kutsa ciki, Ogoja ya yi artabu da Ibadan, jirgin da ya koma hannun Biyafara, igwar Nigeria kuma tana ɓarin wuta kan gaɓa. A watan Oktoba aka maimaita a Kalaba.

Muna alfahari da wannan, kuma ya cancanta. Amma datsewar da ta hana makamai shiga ta teku ita ce ta tsananta yunwar da ta ci yara a Gabas. Tsofaffin ma'aikatan jirgin da na zauna da su, in hira ta kawo nan, murya takan yi ƙasa.

A 1981 aka sauya masa suna zuwa Obuma, daga baya sabon jirgi Aradu, da ya iso daga Jamus, ya karɓi jagoranci, shi kuma ya koma na horo. A kansa na fara kankare tsatsa, a ɗakin injinsa kuma wani tsohon makaniki ya koya mini gane lafiyar inji da kunne, tun kafin in dubi agogon mai.