Kara da Amana a Kwamitin Amintattu

Lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan dokar kamfanoni ta CAMA a watan Agustan 2020, hankali ya karkata ga sashe na 839, wanda ya ba hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya tare da naɗa masu riƙon ƙwarya idan an sami almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir da shi, ƙungiyoyin farar hula ma suka ce dabara ce ta rufe musu baki. Ƙurar da ta tashi ta lulluɓe sashe na 838, wanda a ganina ya fi shafar ƙungiyoyinmu: dukiyar ƙungiya ba ta tafiya sai kan manufar da aka kafa ta dominta, kuma ba a raba wa mambobi riba.

Hujjata ita ce, abin da ke karya wannan ƙa'ida a wurinmu ba kasafai yake zuwa da kamannin sata ba. Da rigar zumunci yake shigowa. Gidauniyar marayu za ta sayi hatsin azumi, sai ya zamana ƙanin ma'aji ne ke da shago a kasuwa. Kowa a zauren ya sani, amma ba mai tankawa, domin shugaban kwamitin dattijo ne, wataƙila ma shi ya ba da filin da aka gina ofishin. Kara halin kirki ce, ba na musun haka, sai dai a nan kuɗin marayu ake biyan ta da shi. Ko da farashin ƙanin ya fi na kowa sauƙi, an riga an yi asara, domin ranar da ya kawo hatsi mai ƙwari babu bakin da zai iya yi masa magana.

Malamai sun daɗe da sanin wannan. Labarin Ibn al-Lutbiyya, mai karɓar zakka da aka tsawata wa saboda kyaututtukan da ya samu a bakin aiki, ya nuna cewa amfanin da kujera ta jawo wa mutum ba nasa ba ne.

Tsawatarwa daga Abuja kuwa ba abin dogaro ba ce. A Janairun 2017, ƙa'idar hukumar kula da rahotannin kuɗi ta FRC da ta iyakance wa'adin shugabannin ƙungiyoyi ta sa Fasto Enoch Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci cocinsa a Najeriya. Cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ƙa'idar, aka sallami Jim Obazee, sakataren hukumar.

Saboda haka gyaran daga cikin zauren zai fito. A rubuta a kundin tsarin ƙungiya cewa duk wanda magana ta shafi aljihunsa, ko na danginsa, ko jam'iyyarsa, zai bayyana, ya fita kafin a tattauna, sakatare ya rubuta fitar tasa. Amfanin rubutun shi ne ya sauke wa ƙaramin mamba nauyin cewa “Alhaji, a ɗan ba mu wuri.” Shi ma ma'ajin ya sami abin da zai faɗa wa ƙaninsa: ba ya cikin ɗakin lokacin da aka yanke hukunci.