Tsohon Babur da Masu Riƙonsa: Tarihin Gyara a Tambuwal da Kebbe



A zauren gidanmu da ke Kebbe akwai wani babur ƙirar Honda CG125 da ya girme mu duka, mu 'ya'yan gidan. Na kawunmu ne, tsohon malamin makaranta da ya yi shekaru yana rangadin duba makarantun ƙauye. Mitar da ke ƙirga tafiyarsa ta tsaya tun ba mu shiga firamare ba, amma har yau in aka taka shi sau biyu zai tashi, ya kai Kawu Tambuwal ya dawo da shi. A watan jiya wani ɗan gwangwan ya leƙo zauren, ya ce zai saya a kuɗin ƙarfe, a ɗora a sikeli. Kawu bai tanka masa ba, sai ya jawo tsohuwar tabarma ya rufe babur ɗinsa. Wannan tayin ne ya sa muka fara bin diddigi, mu ji yadda aka yi irin waɗannan babura suka shigo ƙasarmu, da kuma dalilin da ya sa suka yi tsawon rai haka.

Sai mun fahimci ƙasar kafin mu fahimci babur ɗin. Tambuwal tana bakin kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega, tafiyar kusan kilomita 100 daga babban birnin jiha. Tsohon ribaɗi ce, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna. Kebbe kuwa tana kudu, ta saki babbar hanya, ta kusanci iyakar Zamfara ta wajen Gummi, ga gulbin Zamfara da fadamunsa ya ratsa yankin ya wuce Jega. Tsakanin waɗannan garuruwa akwai ƙauyuka masu yawa da hanyarsu rairayi ce da rani, laka da damina. Kakanninmu sun bi su da jaki da raƙumi da doki, iyayenmu suka bi su da keke. Mota kan tsaya inda burji ya ƙare, sauran tafiyar kuwa sai abin da zai iya bin 'yar siririyar hanya tsakanin gonaki.

Babur ya yawaita a hannun mutanenmu ne a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur suka shigo. A farkon 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan na Udoji, haɗe da ariyas na watanni, sai ga malamin makaranta da akawu riƙe da dunƙulallen kuɗin da ba su taɓa riƙewa ba. A shekarar ce kuma aka fara shirin bunƙasa noma na Gusau da taimakon Bankin Duniya, lokacin Gusau tana jiha ɗaya da mu, kuma irin waɗannan shirye-shirye da babur malaman gona suke zaga manoma. A 1976 aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta, wato UPE, makarantu suka bazu ƙauyuka, dole a sami masu zuwa duba su. Gwamnati kan ba ma'aikaci bashin abin hawa, a riƙa cira daga albashinsa. Ta wannan hanya Kawu ya sami nasa. Saboda haka baburan farko na yankinmu na masu rangadi ne: malamin gona, duba-gari, mai allurar rigakafi, sufeton makarantu. Doguwar tafiya aka saye su domin ta.

Shi kansa CG125 yana da labari. A 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya don su ga abin da ke kashe baburansu a can. Suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku ko huɗu da kaya, ba a juye baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, matatar iska ta takarda ta toshe da ƙura, kuma ba a zuwa wajen bakanike sai abu ya tsaya cik. Da suka koma gida suka ƙera injin da zai jure wannan hali. Suka sauko da abin da ke buɗe bawul ƙasa kusa da inda mai yake taruwa, 'yan sanduna biyu na tura shi sama, don ko mai ya yi ƙaranci kada kan inji ya ƙone da wuri. Suka sa matatar iska ta soso wadda za a wanke a mayar. A 1975 aka fara sayar da shi. Ba don Kebbe aka ƙera shi ba, amma duk abin da suka gani a Asiya akwai shi a nan, har da ƙarin ƙurar hunturu.

Daga baya aka riƙa haɗa babura a cikin ƙasa. Honda ta kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a 1979, kamfanin Boulos na haɗa Suzuki a Legas, Yamaha kuma ta hannun John Holt. Ya kamata marubuci ya san bambancin da ke tsakaninsu. Yawancin ƙananan Suzuki da Yamaha na wancan zamani injinsu na ƙona baƙin mai tare da fetur, shi ya sa suke hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙara mai kaifi, kuma in mai shi ya manta bai zuba man ba, fistin ya kama nan take. Honda kuwa manta na zaune a cikin inji, sai dai a juye a zuba sabo, kuma ƙararta ƙasa-ƙasa take. Dattawa sun ce yaran ƙauye kan gane wanda ke tafe tun daga nesa, daga jin kukan babur kawai.

Shekarar da ta sauya komai ita ce 1986. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP, aka karya darajar naira. Kafin nan naira ɗaya na kusan daidai da dalar Amurka ɗaya, cikin 'yan watanni sai da aka koma kusan naira 4 a kan dala. Sabon babur ya fi ƙarfin albashin malami, kayan gyara na asali suka yi tsada. Wanda ya riga ya mallaka ya san ba zai sake sayen wani ba. A wannan matsin ne sana'ar kabu-kabu ta bunƙasa, ma'aikaci ya tashi aiki ya ɗauki fasinja don ya cika kuɗin cefane. Babur ɗin da aka saya don rangadi ya koma ciyar da gida, nauyinsa ya ninka, ga shi ba halin canzawa. Nan ne gyara ya zama ilmi.

Mun zauna da Kawu ya lissafa mana ƙa'idojinsa, muka rubuta. Na farko juyen mai, kuma da zafin inji ake yi don dattin ya biyo man ya fita. Injin CG kusan lita ɗaya kawai yake ɗauka, saboda haka ɗan ragin da za a raina yana iya kashe shi. Akwai wata 'yar rariya a ƙasan inji da ake cirowa a wanke duk juye, wadda yaran yanzu da yawa ba su ma san da ita ba. Na biyu soson iska: a wanke da kananzir, a bari ya bushe, a ɗiga masa mai kaɗan a matse. Da hunturu kusan duk mako yake yi, domin ƙurar da ta wuce soso ta shiga inji ita ke cinye ringi da bulo kamar ana goga su da yashi. Na uku sarƙa: kada ta yi tauri, kada ta yi sako-sako, a bar mata wasa kamar faɗin yatsa, kuma in za a canza ta a canza har da haƙoran da take hawa, don tsohon haƙori na cinye sabuwar sarƙa. Na huɗu saitin bawul, da sanyin inji ake yi da sassafe. Na biyar fetur: in dole ta sa ya saya wajen 'yan bumburutu, sai ya tace da ƙyalle kafin ya shiga tanki, saboda ruwa da tsaki ke toshe kabireta. Da damina kuwa, duk ranar da ya ratsa ruwa sai ya duba birki, ya sa wa boris giris.

In inji ya tsufa ya fara shan mai yana hayaƙi, ba a yar da shi. Bakanike zai sauke shi, a ɗauki bulo a kai birni wajen masu injin gyaran ƙarfe, a ɗan faɗaɗa raminsa a sa fistin da ya ɗara na da girma. Matakai huɗu ne aka saba: 0.25, da 0.50, da 0.75, da milimita 1. Kowane mataki ƙarin shekaru ne. Kawu ya ce nasa yana mataki na uku. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna mana tsawon tafiyar da mitar ta kasa ƙirgawa.

Kada mu manta da mutanen da suka riƙe wannan aiki. Bakaniken bakin tasha a Tambuwal ko Dogon Daji bai yi makarantar koyon sana'a ba. Yaro ake kai shi wajen maigida, ya yi shekaru yana wanke noti da miƙa sufana kafin a bar shi ya buɗe inji. Da kunne yake gane ciwo. Yakan ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kara ƙotar a kunnensa, ya ce maka bawul ne ko boris. In abin da ake nema babu a kasuwa, a yanko daga mataccen babur, ko a yanka kwali mai kauri a yi abin toshe yoyon mai, ko a kai wa mai walda.

Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin suka shigo, Jincheng a gaba, daga baya Boxer ta kamfanin Bajaj na Indiya ta mamaye kabu-kabu. Dole mu yi adalci a nan. Araharsu ce ta sa manomin albasa da mai tallan kifi suka mallaki abin hawa, kuma mata masu naƙuda da yawa a kansu aka kai su asibiti. Gasar ta yi zafi har ita Honda ta fito da Ace CB125 a Nijeriya a 2011 a kan kimanin naira 100,000 don ta tarar da su. Amma arahar ta zo da sabuwar ɗabi'a. Tunda kayan gyara sun cika kasuwa, masu kyau da jabu, sai aka daina gyarawa aka koma canzawa. Yaro ya koyi kwancewa da ɗaurawa cikin wata shida ya buɗe rumfarsa. Babur ya zama abin shekara uku ko huɗu a sayar. Yawan hawa da ganganci kuma ya ƙara wa masu ɗorin Aliero aiki.

Shekarun baya-bayan nan sun sake juya al'amarin. Da 'yan bindiga suka mayar da babur abin kai hari, gwamnatocin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka sa dokoki a 2021, aka taƙaita hawan dare a wasu yankuna, aka hana sayar da fetur a jarka. Mai gaskiya da ke ƙauyen da babu gidan mai shi ya fi jin jiki. Sai kuma ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 cikin kwanaki, naira ta sake faɗuwa, farashin sabon babur ya yi sama. Mun dawo inda iyayenmu suka tsaya a 1986: wanda ke da babur dole ya riƙe abinsa. Bambancin shi ne masu ilmin riƙon sun tsufa. Bakaniken da ya yi wa Kawu aiki tun farko idonsa ya yi rauni, yanzu zama yake a benci yana nuni da sanda, kuma ba a rubuta ko layi ɗaya na abin da ya sani ba.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Mu duba labaran da muke rubutawa: jarumi na fitowa daga ƙatuwar mota mai baƙin gilashi, alhali mu da masu karatunmu a bayan babur muke zuwa ko'ina. In ma mun sa babur, sai mu ɗora mutumin 1980 a kan Boxer, ko mu sa CG tana hayaƙin Suzuki. Mai karatun da ya san abin zai ajiye littafin. Kayan binciken kuwa suna cikin gidajenmu. A akwatin Kawu mun sami rasidin saye, da takardar cire bashi daga albashi, da tsohuwar lamba mai farawa da SO, da wani littafin awo da yake rubuta ranar kowane juyen mai da sunan ƙauyen da ya je. Wannan littafi tarihin makarantun yankin ne ba tare da mai shi ya yi niyya ba.

Shawararmu ita ce kowa ya nemi dattijo ɗaya a garinsu, mai tsohon babur ko tsohon bakanike, ya zauna da shi. Kada a ce masa "Baba, ba mu tarihi," domin zai ce ba shi da shi. A tambaye shi nawa ya saya, wace shekara, wa ke mulki, ina ya fi nisa da ya taɓa zuwa, ina ya taɓa mutuwar masa a daji, wa ya taimake shi. A nemi izini kafin a naɗi murya, a gwada shekarun da ya faɗa da takardu in akwai, a kuma rubuta kalmomin sana'ar yadda ya furta su.

Mu dai mun yi da Kawu ranar Asabar zai ɗauki ɗayanmu zuwa Tambuwal wajen tsohon bakaniken nan, da littafi da biro. Ya ce mu shirya tun da asuba, don sai ya duba mai kafin a tashi.