Seabird Group: ƙungiyar masu binciken tsuntsayen teku da abin da membobinta ke samu

Seabird Group ƙungiya ce ta masana da masu sa kai da aka kafa a Birtaniya a shekarar 1966 domin nazarin tsuntsayen teku da kare su. Tsuntsayen teku su ne waɗanda ke cin abincinsu a cikin teku, da yawa daga cikinsu ba sa zama a tudu sai lokacin yin ƙwai, galibi a tsibirai da duwatsun gaɓa.

Babban aikin da aka san ta da shi ƙidaya ne. Ita ce ta shirya ƙidayar farko ta wuraren da tsuntsayen ke yin sheƙa a gaɓar Birtaniya da Ayalan tsakanin 1969 da 1970. An sake yin irinta sau uku, ta baya-bayan nan daga 2015 zuwa 2021, kafin murar tsuntsaye ta H5N1 ta yi musu mummunar ɓarna a 2022. Cutar ba ta tsaya a Turai ba: a 2023 ta kashe tsuntsaye masu yawa a gaɓar Senegal da Gambiya.

Ba sai mutum yana da digiri zai shiga ƙungiyar ba. Mamba yana biyan kuɗin shekara, yana samun wasiƙar labarai da mujallar ƙungiyar mai suna Seabird. Akwai kuma ƙananan tallafin kuɗi na bincike. Ba kuɗi ne masu yawa ba, amma ga ɗalibin da abin da ya hana shi aiki shi ne hayar kwalekwale ko sayen madubin hangen nesa, suna da amfani. Babban taronta yana zagayawa: an yi a Cork ta Ayalan a 2022, sannan a Coimbra ta Fotugal a 2024. Duk harkokinta da Turanci ake yi, kuma wannan cikas ne ga ɗaliban da suka yi karatu da Faransanci.

Alaƙarta da Afirka ta Yamma tsuntsayen ne suka ƙulla ta. Ƙaramar tsuntsuwar nan fara mai baƙin kai da ake kira sterne de Dougall da Faransanci tana yin ƙwai a tsibirin Rockabill kusa da Dublin, inda ta fi yawa a duk Turai, amma idan sanyi ya shigo sai ta sauko gaɓar Ghana. Zoben da ake sa mata a ƙafa ne ya tabbatar da haka, kuma zoben ne ya nuna cewa yara suna kama ta da tarko a bakin teku. Wannan ya sa aka fara shirin kare tsuntsayen gaɓa a Ghana a tsakiyar shekarun 1980, wanda Farfesa Yaa Ntiamoa-Baidu ta yi fice a cikinsa.

An san abubuwa da yawa game da watannin da tsuntsayen ke yi a Turai, amma masu lura da su a gaɓar Afirka kaɗan ne. Ɗalibin da ke Akara, Lome, Kwatano ko Duwala yana zaune ne inda ake ƙarancin bayanai. Ko lambar zobe ɗaya da aka karanta a ƙafar mataccen tsuntsu, tare da rana da wurin da aka tsince shi, cibiyar da ta sa zoben tana karɓa.