Gidajen Jere na Ingila: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani?

Duk lokacin da aka hasko filin Anfield daga sama, mukan ga layukan gidajen jan bulo manne da juna, kowane gida bangonsa ɗaya da na maƙwabcinsa. Su ne gidajen jere. Mutanen Ingila da dama sun fi son su a kan sabon gini, har mu ma mukan ce ai da tsohuwar zuma ake magani. Sai dai tarihinsu bai fara da zaƙi ba.

A farkon ƙarni na 19, masana'antu sun ja talakawa daga ƙauyuka zuwa Manchester da Leeds da Birmingham. Magina suka riƙa cusa gidaje baya da baya: bango uku na tarayya, babu ƙofa ko taga ta baya, iyalai da yawa na layin masai guda. Kwalara ta yi ɓarna a 1832, ta dawo a 1848. Manchester ta hana irin wannan gini a 1844. Dokar Lafiyar Jama'a ta 1875 ta ba ƙananan hukumomi ikon gindaya wa magina sharuɗɗa, samfurin ƙa'idojin 1877 kuma ya nemi titi mai faɗin ƙafa 36 da fili a bayan kowane gida. A 1909 aka haramta ginin baya da baya a ƙasar, ko da yake Leeds ta ci gaba har 1937.

Ke nan gidajen da muke yabo a yau su ne suka tsira daga tankaɗe da rairaya. An rushe mafi muninsu a shekarun 1930, da kuma 1950 zuwa 1960, aka maye gurbin wasu da dogayen benaye. A watan Mayun 1968, iskar gas ta fashe a Ronan Point, bene mai hawa 22 a gabashin Landan, kusurwarsa guda ta rufta, mutum 4 suka mutu. Jama'a suka fara waiwayen abin da aka rushe. Bayan shekara ta 2000 an shirya rushe unguwar Welsh Streets ta Liverpool, inda aka haifi mawaƙi Ringo Starr, amma bayan doguwar taƙaddama aka gyara yawancin gidajen.

Me tsohon gida ya fi sabo? Rufinsa na da tsayi, bulonsa ya jure sama da shekara 100, kuma tun da an gina shi kafin mota ta yawaita, kanti da makaranta duk tafiyar ƙafa ce. Aibinsa shi ne bango marar rata a tsakiya: sanyi na ratsa shi, laima na kama shi, kuɗin ɗumama ɗaki na cin aljihu. Sabon gida yana riƙe ɗumi, galibi kuma yana zuwa da garantin shekara 10. Kukan da ake yi da shi matsi ne, shi ma da dalilinsa. Ma'aunin faɗin ɗakuna na Parker Morris, wanda aka fitar a 1961 aka kuma wajabta wa gidajen gwamnati, an soke shi a 1980. Wanda ya biyo baya a 2015 sai ƙaramar hukuma ta ga dama take aiki da shi.

Maginin zamanin Sarauniya Biktoriya bai fi na yau tausayi ba. Annoba ce ta sa aka ɗaure shi da doka. Saboda haka in muka tsaya gaban gida, tsoho ko sabo, kafin mu tambayi shekarunsa mu tambaya: wace ƙa'ida aka gindaya wa wanda ya gina shi, wa kuma ya zo ya duba ya cika ta?