Hukuncin Baccin Rana (Ƙailula) Ga Dattawa

Tambaya: Mahaifina ya manyanta, kullum sai ya yi baccin rana, wani lokaci har la'asar ta kusa wuce shi. Shin wannan baccin sunna ne, kuma ya halatta mu tashe shi?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ƙailula ita ce hutawa da tsakar rana, ko da mutum bai runtsa ba. Tana da asali a Shari'a. A Suratun Nur, aya ta 58, Allah Ya sanya lokacin da ake tuɓe tufafi da tsakar rana cikin lokuta uku da ake neman izini kafin a shiga wa mutum. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'ad (RA) cewa ranar Juma'a sahabbai ba sa ƙailula, ba sa cin abincin rana, sai bayan an sauko daga masallaci. Haka nan ya tabbata Annabi (SAW) yakan yi ƙailula a gidan Ummu Sulaim (RA). Don haka malamai suka ce mustahabbi ce. Imamul Gazali ya kwatanta taimakon da take yi wa mai tsayuwar dare da taimakon sahur ga mai azumi.

Lokacinta shi ne dab da zawali ko bayan azahar. Hadisin da ake yaɗawa cewa bacci bayan la'asar yana taɓa hankali bai inganta ba, saboda haka ba a cewa haramun ne, duk da cewa wasu magabata sun ƙi shi.

Dattijo ya fi kowa buƙatar wannan hutu, domin idan shekaru suka ja, baccin dare yakan yi sauƙi, ga yawan farkawa don fitsari ko ciwon gaɓoɓi. Sai dai a kula da abubuwa uku.

Na farko, salla. Wanda bacci ya rinjaye shi ba tare da sakaci ba, babu laifi a kansa, sai ya yi sallar da zarar ya farka, kamar yadda ya zo a hadisin Anas (RA). Amma tashinsa don salla yana cikin biyayyar iyaye. A tashe shi da tausasawa, a kawo masa ruwan alwala, kada a ɗaga masa murya.

Na biyu, alwala. A mazhabar Malikiyya bacci mai nauyi, wanda carbi zai faɗi daga hannun mutum bai sani ba, yana warware alwala. Gyangyaɗi mara nauyi ba ya warwarewa, amma idan ya yi tsawo an so a sake ta. Wannan ya shafi dattawan da ke zaman jiran salla a masallaci.

Na uku, lafiya. Likitoci sukan ba da shawarar kada baccin rana ya wuce minti 20 zuwa 30, domin mai tsawo yana hana na dare. Idan baccin nasa ya ƙaru fiye da yadda aka saba, ko yana minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi, ko ya fara rikicewa da yawan mantuwa, ku kai shi asibiti. Ciwon suga da wasu magunguna suna iya jawo haka, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali.

Allah Ya ƙara masa lafiya, Ya saka muku da alheri.

Wallahu a'alam.